Kunnuwan Suruki a Shimfiɗa ta Uku

Allon lantarki na shida Dogo ya jona wa wuta, shi ma ko ƙyaftawa bai yi ba. Gumi ya keto masa. Gobe mai asibiti zai zo karɓar allunan na'urar awon jini, ga mai kamfanin tsaye a kansa, wanda kuma surukinsa ne.

"Me ya kashe su?" in ji tsohon.

"Ina dubawa, Baba."

Ƙarya yake, ya riga ya gano. Allon lantarki shimfiɗa huɗu gare shi, biyu a waje, biyu binne a ciki. Ran da surukin ya yi masa wankin babban bargo a gaban ma'aikata, Dogo ya huce haushinsa a kwamfutar da yake zana tsarin allunan kafin a buga su: ya zana fuskar tsohon a shimfiɗa ta uku, da kunnuwa kamar faifai. Wa zai gani a can ciki?

Abin da haushi ya mantar da shi, ba duk shimfiɗa ce iri ɗaya ba. A fozitif, abin da ka zana shi ke zama jan ƙarfe. A negetif kuwa, abin da ka zana shi ake kankarewa. Ta uku negetif ce. Kunnen hagu ya datse hanyar wuta ɗungurungum.

"Miƙo nan."

Tsohon ya ɗaga allon saitin fitilar tebur. Haske ya ratsa inda babu jan ƙarfe, fuska ta fito tarwai, har da giɓin haƙori. Ma'aikata suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Aiki dai ya tafi, to da wane baki zai yi wa matarsa bayani?

Surukin ya daɗe yana kallo. Ya shafa kunnensa.

"Aikin wa?"

"Baba, wallahi tsautsayi ne..."

"Tsautsayi ne ya san ina da giɓi?"

Tsohon ya juya allon, ya sake jefo tambaya.

"Yana gyaruwa?"

"In an tsallaka kunnen da 'yar waya, zai tashi."

"To bismilla. Kai kaɗai, duka, kada wanda ya taya ka." Ya zura allon hannunsa a aljihu. "Wannan na uwar matarka ne. Shekara da shekaru tana cewa kunnuwana sun yi girma ina musu, yau ta samu shaida."

Ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Hancin dai ka kyauta."