Kujerar Gwaggo a Layin Taga

Auta tana digiri na biyu a fannin halayyar ma'aikata lokacin da aka ce kowane ɗalibi ya nemi wurin aiki, ya zauna ya lura da mutane. Gwaggonta, yayar babanta, ita ta roƙar mata manajan kamfanin ɗinkin da take aiki.

"Ki yi kallonki, 'yar boko," in ji Gwaggo, "amma kada ki taɓa min kujera. Manaja idonsa na kan tsofaffi, dalili kawai yake nema."

Farfesa kuwa ya ba su ƙa'ida: mai bincike ya zauna nesa, kada ya yi hira da waɗanda yake lura da su, balle danginsa, don kada ya gurɓata sakamako. Ƙa'ida ce mai kyan gani a kan allo. Auta ta bi ta sau da ƙafa. Ta sa benci a bakin ƙofa, inda take hango bayan mata da ɗankwalayensu. Kekunan ɗinki sun kare mata hannayensu, amma kunne yana jin komai.

Abin da kunnen ya fi ji shi ne layin taga, inda Gwaggo ke zaune kafaɗa da kafaɗa da wata da ake kira Mai Tsaki.

"Janye gwiwarki, tsohuwar banza!" in ji Mai Tsaki.

"Ke ce yarinya? Buɗe baki mu ga abin da ya rage."

"Ba ni almakashina, ɓarauniya."

Sai Mai Tsaki ta ranƙwafo kan keken Gwaggo kamar za ta ƙwace wani abu, ta ja dogon tsaki, ta koma wurinta. Haka suke yi tun safe har a tashi. Auta ta ji kunya ta kama ta, ta kuma ji daɗi, don abin ya yi daidai da darasin da ya fi burge ta: saɓani a kan aiki yana da amfani, amma rigimar da ta zama gaba guba ce, tana cin ƙarfin ma'aikaci, tana yaɗuwa. Maganinta a raba masu ita. Har zuciyarta ta ɗauka hutu za ta sama wa Gwaggo.

Ranar da ta gabatar da bincikenta, ajin ya tafa mata. Farfesa ya ce haka ake so, ilimi ya bar takarda ya shiga masana'anta. Manaja ma ya karɓi shawarar hannu bibbiyu, tunda ba ta buƙatar komai sai jan kujera. Ya mayar da Mai Tsaki can ƙurya, kusa da masu guga. A gurbinta ya sa wata matashiya mai ladabi, wadda ke gaida Gwaggo da rusunawa, ba ta kuma leƙa keken kowa.

Layin taga ya yi tsit. Tulin rigunan Gwaggo ya fara raguwa. Wata rana Manaja ya tsaya a bayanta, ya ga tana kai zare kafar allura tana kuskurewa, ta lashi bakinsa, ta sake kaiwa, ta sake kuskurewa. Bai ɗaga murya ba. Ofis ya kira ta, ya sallame ta daga aiki.

Auta ta je gidan Gwaggo da la'asar. Ta tarar da Gwaggo a bakin gado, Mai Tsaki kuma a kan tabarma, tana zura zare a allurai tana soka su a jikin matashi, jere, don Gwaggo ta samu na faci. A kallo ɗaya Auta ta gane ranƙwafawar nan da ta yi ta gani daga bakin ƙofa, da zagin da ke rufe ta.

"Ungo, makauniya," in ji Mai Tsaki, "kada ki soke kanki ki ce ni ce."

"Allah ya isa tsakanina da bakin nan naki," in ji Gwaggo. Ta juya wajen motsi. "'Yar boko ce? Yaya jarrabawar? Kin ci?"

"Na ci, Gwaggo." Auta ta sunkuyar da kai. "Na fi kowa."

"To, alhamdu lillahi. Ai ba a yi asara duka ba."

Auta ta durƙusa ta gaida Mai Tsaki, tana jira, tana ma fatan a zage ta. Matar ta ajiye allura, ta gyara ɗankwali.

"Lafiya lau, malama," ta ce, a tausashe. "Yaya karatu?"

Ko tsaki ba ta yi mata ba.