Kwano na Sha Biyu

…sha ɗaya. Gida goma sha ɗaya ke nan tun da aka taso daga coci, kuma ko ƙwayar shinkafa ba ta wuce maƙogwaron Alisabatu ba. Ranar Kirsimeti fa! Wa ya taɓa jin haka a Kpakungu? Saura kwano ɗaya, ga shi a kanta, ɗaure da ɗankwali, har yanzu da ɗuminsa. Na Kaka ne, can Limawa. Kuma da ƙafa za ta je.

Da ƙafa, ƙwarai kuwa. Kai mai Keke, wuce abinka, ka ishe ta da hon. Ka ga alamar gajiya a nan? Shekara hamsin da huɗu, amma dubi tafiya… dubi zanen zumuntar mata da bara da ƙyar yake haɗuwa a ƙugunta, yau har da rara ta soke. Rigar ma sai da ta rage mata inci biyu a kowane gefe. A coci ɗazu mata sai kallo suke, sai taɓa juna. Ku kalla da kyau, ba kyauta aka ba ta ba. Wata uku tana fita da sassafe, daga ƙofar gida zuwa shataletale, ta zagaya ta dawo, ana yi mata dariya wai tsohuwa ta shiga soja.

Hadassah, ina ma kina nan ki ga uwarki. Kina can Abuja kina aikin asibiti a ranar biki, kina bugo waya kamar 'yar sanda — Mama me kika ci, Mama kin taka, Mama nawa injin gwajin suga ya nuna. Takwas ya nuna da safen nan. Takwas! Daga sha bakwai. Ke da kika ce ba za ta iya ba, wai Disamba ne zai kayar da ita…

Sha bakwai. Likitan idon bai ko ɗago kansa daga takarda ba. “Madam, da wannan sugan ba zan taɓa idonki ba.” Karo na biyu ke nan ana mayar da ita gida da jakarta a hannu, ta riga ta shirya kayan kwana. Kunya kamar ta nutse a kujerar. Huɗu ga Janairu, in ji shi, kuma gwajin wannan karon ba irin na tsira yatsa ba ne da ake yi wa wayo da yunwar kwana ɗaya, wannan asirin wata uku yake tonawa. In ya yi kyau, a cire mata yanar idon. In bai yi ba… Na hagu dai ya riga ya koma kamar mai leƙe ta cikin koko. Na dama ya fara bin sahunsa. Tela babu ido? Tela ce ko me?

Kwana goma. Kwana goma kacal suka rage, kuma ba wanda ya sani. Daga ita sai Hadassah sai Baban Hadassah, shi ma sai da ta sa ya dafa Littafi. Kpakungu ce fa. Ka faɗa wa mutum ɗaya da hantsi, kafin la'asar an ce Alisabatu tela ta makance, kowace ta zo ta kwashe yadinta. Su kuma 'yan zumunta su sa sunanta a addu'a, su yi layi a ƙofarta da doguwar fuska — sannu Mama, ya jiki? Ita? Ita da ake kira in wata ta kwanta? Allah ya sawwaƙe. Kaya arba'in da biyu ta ɗinka a watan nan, rabi da ido rabi da lalube, yatsa ya san hanyarsa, kuma ko ɗaya ba a dawo da shi ba.

Kwanon ya fara nauyi. A gyara gammo… yauwa.

Kwano goma sha biyu, kowace shekara. Da Sallah maƙwabta su cika mata gida da tuwo da masa da nama, da Kirsimeti ta rama. Haka ta tarar, haka za ta bari. Tun duhun asuba take bakin murhu, tukunya guda ta dafa-duka, naman akuya yana ƙara a mai, cincin ɗin da ta kwana biyu tana soyawa, kuma — ku saurara da kyau — ba ta ɗanɗana ba. Ko a tafin hannu. Hanci ne ya auna gishiri, hanci ya ce a sauke. Baban Hadassah ya ci loma ɗaya ya ce bana ma ta fi daɗi. To da fa? Shi yana can yanzu ƙarƙashin fanka, a miƙe kamar buhun masara, ya ci nasa ya ci nata. Ita kuwa faten acca da zogale, da yalo biyu. Faten acca! Abincin da ta baro a Kagoro tana rantsuwa ba ita ba shi, an zo birni ai sai shinkafa. Yau shi ne magani. Mama ta Kagoro, kina kabari kina mata dariya, ta sani.

Dabara ce ta ce ta yi. A da aikawa take. Bana ta ce ba aike, ita za ta kai kowane kwano da ƙafarta, a ga juna, jiki kuma ya motsa. Wayo wai! Ta manta abu ɗaya. Ɗan aike a bakin ƙofa ake sallamarsa. Uwar gida kuwa in ta zo da kanta, tabarma ake shimfiɗawa, a ciro abin da aka ɓoye.

Gidan Kafayatu aka fara, maƙwabciyarta mai shagon lemo. Ko zama ba ta yi ba sai ta ji ƙarar buɗe kwalba — tsss. Malt mai sanyi, kwalbar tana gumi, kumfa yana leƙowa. Wayyo Allah. Har miyau ya taru. Sai ta dafe kunci, haƙori ne Kafayatu, sanyi ba ya barina. Kafayatu ta yi ta “pele, pele”, sannu irin ta Yarbawa, har tana kwatanta mata mai magani. Gidan Eric mai walda matarsa ta yanko kek, ta ce yanzu ta tashi daga kan abinci, ciki ba wuri. Gida na uku kunun aya, ta ce cikinta ne yake juyawa. Na huɗu… me ma ta ce a na huɗu? Oho. Ta dai fito. Gida sha ɗaya ta shiga, gida sha ɗaya ta fito da bakinta a bushe, kowa yana sa mata albarka. Wace mace ce a garin Minna za ta yi wannan? A kawo ta a gani.

Titin jirgi. A ɗaga zane, a tsallaka a hankali, duwatsun nan ba su da mutunci. Gwiwar dama tana ɗan magana. Yi maganarki, ba mai sauraronki.

Ɗaya kawai, me zai yi? Haka Baban Hadassah yake cewa, shi da ba ya kwana da ido a zuciya. Ɗaya kawai… Ai ta gwada. Da Ista. Cincin ɗaya, a tsaye, a bakin ƙofar kicin. Ta farka bayan mako guda, robar cincin ta ƙare, kwalaben lemo a ƙarƙashin gado, injin yana nuna abin da ba ta gaya wa Hadassah ba har yau. Shi ya jawo korar farko. Wasu suna da ɗaya. Ita Alisabatu ba ta da ɗaya, ta san halinta, in ƙofar ta buɗe sai an kwashe ɗakin. Shi ya sa ta rufe ta ruf, ta zauna a kan makullin.

Lungun Limawa. Kwatar nan tana nan inda take. Bishiyar darbejiyar ma… a'a, an sare. Yaushe?

Shekara talatin da ɗaya. Amarya daga Kagoro da akwati ɗaya da keken ɗinki, miji yana fita aiki tun safe, ɗaki ɗaya na haya a gidan wata Hajiya da kowa ke kira Kaka tun ba ta tsufa ba. Ko gaisuwar garin ba ta iya ba. Da naƙudar Hadassah ta zo, uwa tana nesa, wa ya riƙe ta? Wa ya dafa ruwan zafi kwana arba'in safe da yamma, ya tsoma ganye ya fyaɗa mata a baya tana ihu yana cewa yi shiru, raguwa? Wa ya dama kunun kanwa? Kirsimetin farko tana zaune tana kukan gida, sai ga Kaka da faranti — Amarya, ai yau sallarku ce, ba a sallah da hawaye. Alkaki. Alkama da zuma, an murɗa shi kamar igiya. Tun daga ranar ba shekarar da…

Alkaki.

To. Ai ta sani. Tun safe ta sani, kada ta yi wa kanta ƙarya. Me ya sa ta bar wannan kwanon ƙarshe? Nisa? Wane nisa! Tun safe take zagaye shi a zuciya kamar mai zagaye rami. Ba komai. Wadda ta wuce malt ɗin Kafayatu, mene ne kuma… Za ta ajiye kwano, ta gaisa, ta ce rana ta yi, ta juya. Minti biyar.

Sallama. Tun ba ta rufe baki ba muryar ta fito daga rumfa, siririya, da dariya a ciki.

“Amaryata ce. Na ji takunki. Yau ba Keke?”

Ga ta a kan tabarma, ta ƙanƙance, carbi a cinya. Idanun nan… fari fat, duka biyu, shekara shida ke nan. An yi an yi ta je asibiti ta ce sai bayan Sallah, sai bayan damina, sai bayan bikin wance. Alisabatu ta durƙusa. Hannun Kaka yana bin fuskarta, kafaɗa, damtse, yana matsawa kamar mai zaɓen doya. Kin rame, in ji ta. Rama? Wannan ba rama ba ce Kaka, wannan aiki ne, wannan wata uku ne na — a'a. Shiru. Ta ce ɗinkin Disamba ne.

Aishat, matar jikan Kaka, ta karɓi kwanon tana godiya, ta shiga ɗaki, ta fito da farantin. Farantin nan dai, mai furen da ya kankare. Wai tun Litinin Kaka take murɗawa da hannunta, ta hana kowa taɓawa, suya kawai ta bar mata. Zumar ma sai da aka aika har ƙauyen Garatu, ta ce ta kasuwa sukari ce. Tun Litinin. Da waɗannan yatsun da ba sa miƙewa.

Kaka tana lalube a farantin. Ta wuce wannan, ta wuce wancan, ta ɗauko babban. Ta kamo hannun Alisabatu, ta ɗora, ta naɗe mata yatsu a kai.

Ɗumi. Danƙo. Ƙamshin yana hawa har ƙwaƙwalwa.

Haƙori… ta ce haƙori? Wa za ta gaya wa? Matar da ta wanke ta tsirara kwana arba'in, wadda take gane ƙaryarta daga yadda take jan numfashi? Na ƙoshi? A gidan nan? Nan ne aka koya mata cewa ba a ƙoshi da abin hannun babba. Zan tafi da shi — ai da ma za ta tafi da shi, kwanon nan ba ya komawa wofi, Aishat tana can tana cika shi. Wannan na hannun daban ne. Wannan na nan ne, a gabanta, kowace shekara. Kuma ba a tsayawa a ɗaya, ana gamawa hannun zai sake komawa faranti.

To ta soke shi a gefen zane mana. Aishat ta shige ciki. Kaka ba ta gani. Wa zai… Kai, Alisabatu! Makauniya? Kaka? A ranar haihuwar Mai Ceto? Tir.

Kuma ma ba zai yiwu ba. Dubi yadda ta karkato kai. Tun da idon ya tafi haka take yi — ta miƙa, ta yi shiru, ta kawo kunne. Ƙarar take jira. Ƙurus ɗin farko, sannan ta yi dariya ta ce yauwa, bana ma na ga Kirsimeti. Na ga, haka take cewa.

“Ban ji ba, Amarya.”

Fararen idanun suna kallonta ba sa ganinta. Sai bayan Sallah, sai bayan damina… Haka ake zuwa nan ashe. Ba da gudu ba. Da ɗaya kawai, da kunyar wance, da bari a wuce biki. Ga Janairunta zaune a kan tabarma yana mata murmushi.

Gida sha ɗaya. Tana ta ƙirgawa tun daga Kpakungu kamar wadda ta ci yaƙi. Wa ta ce wa a'a a cikinsu? Wa? Haƙori, ciki, na ƙoshi… Ba ta ƙi ba ko sau ɗaya, zillewa ta yi. Nan kuwa ba wurin zillewa. Ko ta ci, ko ta faɗa. Wato ta faɗa da bakinta, a tsakar gidan da mata huɗu suke kasa kunne ta bayan labule: ina da suga, idona yana tafiya, ni Alisabatu tela. Kafin ta kai titin jirgi labarin ya riga ta isa gida.

Ta iya tashin asuba. Ta iya faten acca. Ta iya tukunya guda ba ɗanɗano. Wannan ɗin ne…

“Kaka,” in ji Alisabatu, “akwai maganar da ban gaya wa kowa ba.”

“Ci tukuna. Magana ba inda za ta je.”

Zumar ta gangaro ta tsakanin yatsu, ta bi wuyan hannu, tana neman bakin rigar da ta rage da hannunta. Kwana goma… Kaka ta ƙara matso da kunnenta.