Ranar da Wuro Barkono Ya Share Bakin Kwalta

Mireille ce ta fara jin labarin, kuma kafin mai babur ɗin da ya kawo shi daga Ngong ya gama kafe babur ɗinsa, ta riga ta isa ƙofar Jauro, mai garin, tana haki. Masu gyaran hanya za su zo ranar Alhamis, su ga Wuro Barkono da idonsu.

Wuro Barkono ƙauye ne da babbar kwaltar Garwa zuwa Ngaundere ta raba biyu. Gidaje suna yamma, famfo da makaranta da injin niƙa suna gabas. Ko wane ne ya yi wannan tsari, bai taɓa ɗaukar tulu a ka ba. Manyan motoci masu kai kaya Cadi kuwa in sun gangaro daga tudu ba ruwansu da wanda ke gabansu. Bara waccan ɗaya ta bankaɗe Berthe, yayar Mireille, da buhun masara a kanta. Ta rayu, amma da sanda take tafiya har yau.

Tun daga ranar Mireille ta hana kanta sakat, ta hana hukuma. Iyayenta mutanen dutse ne da suka sauko daga wajen Mokolo neman ƙasar noma, ita kuma a bakin kwaltar nan ta girma, tana gasa masara tana sayar da doya, har matan da ke sana'a a wurin suka naɗa ta shugabarsu. Abu ɗaya take nema, tudun nan da ake yi a kan kwalta don mota ta rage gudu, wanda suke kira dodan. Ta yi ta safa da marwa zuwa ofishin magajin gari har masu gadi suka san ƙarar takalminta. Yanzu ga shi an samu kuɗin sake hanyar gaba ɗaya, kuma an gaya mata gaskiya: abin da bai shiga tsarin ba a wannan karon, sai dai jikokinta su gani.

"Barkama, sun ce Alhamis!" in ji ta, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba, sai wannan kalmar girmamawa ta Fulatanci.

Jauro Ammar, mai garin, dattijo ne da ba ya son a zo masa da gaggawa, amma wannan karon shi ma sai da ya gyara zama. "Baƙi daga Garwa? To ai sai a gyara gari, 'yata. Kada su je su ce mu ƙazamai ne."

Wannan ba sabon abu ba ne. A Wuro Barkono babban baƙo ba ya tarar da gari yadda yake. Ko babban malami ne daga Marwa, ko fada ne daga coci, ko ɗan siyasa mai neman ƙuri'a, sai an share, an shafa farar ƙasa a gindin itatuwa, kowa ya sa kayan da yake ji da su, an taru wuri guda an tarbe shi. Musulmi da Kirista ba su taɓa saɓawa a kan wannan ba. Mireille kuwa, da take ganin baƙin nan nata ne ita kaɗai, ta ɗaura ɗamara ta yi uwa ta yi makarɓiya.

Teburinta ta fara ɗaukewa daga bakin hanya, don kada a ce shugaba ta ware kanta. Sauran mata suka bi, masu ƙosai da masu gyaɗa da masu tumatir. Fadimatu mai nono, aminiyarta, ta ɗan yi ƙunƙuni, "Kai Mirel, ranar guda ba ciniki?" amma ita ma ta kwashe ƙorenta. Aka kori masu babur zuwa bayan masallaci. Aka roƙi makiyaya su bi da shanu ta ƙarƙashin gada can nesa, don kada kashin shanu ya ɓata kwalta. Shugaban makaranta ya ba da hutu, yara za su yi waƙar maraba. Mai injin niƙa ya rufe tun Laraba saboda ƙara. Ruwa kuwa, aka ce kowace mace ta ɗebi na kwana biyu, kada baƙi su ga ana yawo da bokiti kamar garin da ba shi da tsari.

Ranar Alhamis da hantsi, wallahi garin ya yi kyau. An yayyafa ruwa a dandalin ƙofar Jauro, an kafa rumfa, an jera kujerun coci da tabarmin masallaci. Matan ƙungiya sun yi anko da atamfa mai ruwan ganye. Ga kalangu, ga mawaƙan coci, ga tukwanen shinkafa da naman rago suna tashin ƙamshi. Mireille ba ta iya tsayawa wuri ɗaya, nan ta gyara wa wannan ɗankwali, can ta daka wa wancan tsawa. Da farar motar ta bayyana daga wajen Garwa, guɗar da ta rangaɗa sai da ta tayar da tsuntsaye daga kan kuka.

Mutum uku suka sauko, amma wadda ke da ta cewa a kan hanya ita ce injiniya Aurélie, wata siririyar mace da takalmin aiki da riga mai ɗaukar ido. A Pitowa ta tashi cikin Hausawa, don haka Hausa ba ta gagare ta ba. Aka zaunar da su, aka sha ruwa, yara suka yi waƙa, aka shiga jawabai. Mutanen Wuro Barkono kuwa in suka samu lasifika sai Allah.

Ana cikin jawabi na uku Aurélie ta sulale ta nufi bakin kwalta, wayarta a hannu. Mireille ta bi ta, ƙirji a buɗe, tana jiran yabo.

"Madam, kin ga gudron ɗinmu, kwaltar nan? Ko tsinke babu!"

"Na gani, mama," in ji Aurélie. Ta dubi kudu, ta dubi arewa. Wata babbar mota ta wuce fuu, ba ta tarar da kowa ba sai iska. "Amma ina masu tsallakawa? A biro, can ofishinmu, an ce mini nan akwai kasuwa a bakin hanya, ga yaran lakwal masu zuwa karatu, ga shanu. Tun da na tsaya ko akuya ban ga ta gitta ba."

"Ai saboda ku muka..." Mireille ta fara, ba ta ƙarasa ba.

"Mama, ki fahimce ni. Ƙauyukan da ke neman dodan a kan hanyar nan suna da yawa, bajet ɗin kuma ba zai kai kowa ba. In na ce a sa a nan, za a ce in nuna abin da na gani. Hoton me zan nuna musu? Hanya ce shimfiɗe, babu kowa a kanta."

Mireille ta dubi wurin da teburinta ya saba zama, an share shi fes har da zanen tsintsiya. Ita da hannunta ta kwashe duk abin da ta yi shekaru tana roƙon a zo a gani. Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya, kuma babu wanda za ta ji haushinsa sai kanta.

Ba ta tsaya yin kuka ba. Ta tattare zaninta ta ruga cikin taro, daidai lokacin da Jauro ya karɓi lasifika. Katse mai gari yana magana a gaban baƙi abu ne da ba a taɓa yi ba, ta sani sarai, shi ya sa ta zube a gabansa tukuna.

"Barkama, a yafe mini. Mun yi ɓarna. Mun share abin da suka zo gani!"

Jauro ya dube ta, fuska a murtuke, ta yi masa bayani cikin Hausa da Fulatanci a haɗe, kalma na hawa kan kalma. Ya juya ya kalli kwaltar, wadda tun da aka haife shi bai taɓa ganinta wayam haka ba. Sai gemunsa ya fara rawa, dariya ta ƙwace masa.

"Jama'a," ya ce a lasifika, "mun gode, biki ya tashi. Kowa ya koma bakin aikinsa, yadda ya saba. Yanzu-yanzu!"

Aurélie ta matso ta ce a hankali, "Mama, in wasan kwaikwayo za ku shirya mini, zan gane."

"Ke dai zauna ki ci shinkafarki, madam," in ji Mireille.

Da farko kam ya yi kama da wasa. Fadimatu ce ta fara fitowa da ƙorenta tana rangwaɗa, tana satar kallon baƙi. Wasu samari suka tsallaka suka dawo, suka sake tsallakawa, ba su ɗauke da komai. Mireille ta ji kamar ta nutse.

Amma abin da ba wanda ya lissafa shi ne, ruwan kwana biyun nan ya ƙare tun safe wajen yayyafa dandali da dafa abincin baƙi. Injin niƙa kuma tun jiya a rufe, babu gidan da ke da garin tuwon dare. Da mai injin ya tayar da shi aka ji ƙararsa, sai mata suka tuna da gidajensu. Nan fa aka manta da baƙi. Aka fito da bokitai da jarkoki da kwanonin dawa, kowa na son ta riga wata layi, anko ko ba anko ba. Masu babur suka dawo daga bayan masallaci suna rige-rigen fasinja. Makiyaya da suka gaji da zagaye suka ji an ce an sake, suka koro shanu ta inda suka saba. Yaran da aka sallama suka bazu, wasu na bin uwayensu, wasu na bin ƙwallo. Motoci suka yi ta danna oda, direbobi na leƙowa suna zagi da harsuna uku. Har faɗa ya kaure a bakin famfo tsakanin matar mai wa'azin coci da ƙanwar liman a kan wadda ta fara ajiye bokiti. Mireille ba ta taɓa jin daɗin ganin faɗa irin na ranar ba.

Aurélie ta bar shinkafar, tana ta ɗaukar hoto. Da ta gama ta nemi motarsu, ashe direba ya kai ta tsallake, inuwar dalbejiyar makaranta. Ta tsaya a bakin kwalta, ta sa ƙafa ta janye, ta sake sawa ta janye. Da ta ga kamar an samu sarari ta taka, sai ga wata tirela ta ɓullo daga tudu, lodi har sama, oda kamar za ta tsaga kunne. Mireille ta fizgo ta baya da ƙarfin mai ɗaukar buhu. Iskar motar ta ɗauke hular injiniya ta jefa cikin kwandon tumatir.

Suka tsallaka tare, Aurélie riƙe da hannun Mireille gam, ba ta sake shi ba har suka kai gindin dalbejiya.

"Kullum haka ne?"

"Yau ai da sauƙi, madam. Ba ranar kasuwa ba ce."

Aurélie ta buɗe bayan mota ta ɗauko gwangwanin jan fenti. Abokan aikinta suka tsaya da tuta suna tsayar da motoci, ita kuma ta sunkuya ta ja layi a gefen kwalta daga wajen tudu, ta taka har gaban famfo ta ja wani, ta rubuta wasu lambobi a kusa da kowanne.

"Wannan alkawari ne, ko zane ne kawai?" Mireille ta tambaya, don an sha yi mata alkawari.

"Zane ne, mama. Amma inda na zana, nan masu aiki suke zubawa."

Guɗa ta tashi daga gabas, ta yamma ta amsa. Kalangu ya dawo ba wanda ya kira shi. Farar motar ta kama hanyar Garwa, Jauro na ɗaga mata hannu, amma Mireille ba ta cikin masu rakiya. Tana can tsaye a kan jan layin da bai bushe ba, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, sabuwar atamfarta duk fenti, hawaye na zuba tana dariya, tana kora awaki da ɗankwalinta.

"Kai! Wanda ya taka mini wannan, ni da shi ne!"