Gidan Hajo Mai Taya Biyu

…kuma ba ma ruwan sama ba ne, abin da ke ƙona wa Sakinatu rai ke nan. Da ambaliya ce ta gangaro daga duwatsun Utaibiyya ta shige karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, da sai a ce ƙaddara, a yi shiru. Amma ɗigo? Ɗigon mukayyif ɗin maƙwabta, na'urar sanyin nan mai tari kamar tsohon mashayin taba, shekara bakwai yana sauka a kan rufin karafan ɗin Baba, ba wanda ya ɗaga kai ya duba. A Makka wa ke tsoron ruwa? Rana ake tsoro. Baba da hannunsa ya tura ta gindin bangon nan don kada rana ta cinye mata tanti. Allah Ya jiƙanka, Malam Idris, ka ɓoye ta daga rana ka miƙa wa ruwa.

Tana durƙushe a ciki, abayarta ɗaure a ƙugu, tana ɓamɓaro sauran katakon ƙasa da bakin guduma. Ba ya ma karyewa, marmashewa yake yi a hannu, baƙi ƙirin, ga warin fumfuna har cikin maƙogwaro. Wannan kusurwar kaɗai ta rage. Sauran duk ta sauya, da abalkash, falankin katakon da ta roƙo a wani otal da ake gyarawa a Aziziyya — mai gadin yana mata kallon mahaukaciya, mace da falankai a ka — to ya kalla. Idonsa ne.

Juma'a. Sa'ud ya ce Juma'a.

Sa'ud, ƙanenta, wanda ta goya har bayanta ya yi kanta. Yau shi ne mai magana, don sunansa ne a kan takardun Inna, shi ne kafili. "Halas ya Sakina, Ummi gida take so, mu kai ta gida." Da Hausarsa mai ɗingishi, rabi Larabci. Huruj niha'i zai nema mata, fita ta ƙarshe, wadda in an buga hatiminta ba dawowa. A saka tsohuwa a jirgi, a sauke ta Sakkwato, a kai ta Gwadabawa wurin ƙanwarta Yalwa, wadda rabonsu da juna shekara arba'in da shida. Karafan kuma a ja ta tashlih, inda ake yanka tsofaffin motoci a sayar da ƙarfen.

A'a. Wallahi a'a.

Me ka sani game da gida, Sa'ud? Kana cikin zani lokacin da Baba ya jawo akwatin nan a bayan motarsa, yara suna binsa da ihu. Akwati ne kawai mai taya biyu, ko tsayin ƙirji bai kai ba. Ya sa hannun ƙarfe ya murɗa, ya murɗa, rufi ya tashi, tanti kore ya miƙe, gado ya fito ta dama, gado ya fito ta hagu. Inna ta riƙe haɓa. Ya ce, "Hajo, kullum kina cewa ban gina miki gida ba. To ga shi." Tun daga ranar sunanta ke nan, gidan Hajo. Duk zafi sai Ɗa'ifa, a kan hanyar nan mai murɗe-murɗe, birai a bakin dutse, Inna tana dama fura a kan ɗan teburin da ke naɗewa, iska mai sanyi tana kaɗa koren tantin… Wannan ne gidan. Shi take nufi. Ni na sani, ni ce nake kwana da ita.

Ƙusa ta soke ta a yatsa. Ta tsotse jinin ta tofar. Ba komai.

Da mantuwa ta kama Inna, Larabcin ne ya fara tafiya. Shekara arba'in tana ciniki da shi a kasuwa, tana zagin masu tasi da shi, rana ɗaya ya tattara ya bar ta, sai Sakkwatancin ƙuruciya ya rage. Daga nan sunayen jikoki. Daga nan hanyar banɗaki. Yanzu magana ɗaya ce, safe da yamma, da hannu a kan ƙofa: a kai ni gida. Likita ya ce ku nuna mata abin da ta saba da shi. To me ta saba da shi da ya wuce wannan? In ta shiga ta zauna ta yi shiru, in hankalinta ya kwanta ko na yini ɗaya ne, Sa'ud ya gani da idonsa, sai ya mayar da takardunsa aljihu. Matar da ta yi rayuwarta tana roƙon Allah Ya sa ƙasar Makka ce za ta rufe ta, kusa da mijinta — a ɗauke ta yanzu, da ƙafa ɗaya a bakin kabari? Sakinatu tana jin tsoro, tsoro sosai, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Abalkash ya zauna daram. Noti huɗu. Na ukun yana gardama, tsatsa ta cinye ramin — ɗan man girki a kai, tunda giris ya ƙare. Ya shiga. Ka ga? Komai yana shiga in an matsa masa.

Yanzu rufi. Ta fito, ta kama hannun ƙarfen. Wayoyin ciki ta sauya su da na tsohon injin ɗaga ƙofar gareji, Allah kaɗai Ya san ko za su riƙe. Murɗa. Ƙara kamar ana yanka akuya. Murɗa. Kafaɗa tana wuta. Tun Arfa kafaɗar nan ba ta huta ba, kwana tara tana juya tukwanen shinkafar alhazai, tukunya ɗaya ta isa mutum ya yi wanka a ciki… murɗa… ya tashi! Ya karkace kaɗan ta hagu, amma ya tashi. Baba, ka gani?

Tantin kore dai ya mutu, ba yadda za a yi da shi. Ta taɓa shi ya tsage a hannunta. Sabo kuwa ba ta ko tambayi kuɗinsa ba, kada a yi mata dariya. Da ake kwance hemomin Arfa bayan alhazai sun watse, ta ga an jibge yagaggu a gefe za a zubar, ta naɗo uku ta saka a motar kayan girki. Mai kauri ne, ba ya jin rana. Fari ne, to sai me? Inuwa ake nema, ba ado ba. Ɓangare uku ta riga ta ɗinke, saura na bakin ƙofa. Basilla, zare mai kakin zuma, soka, ja. Soka, ja. In Sa'ud ya ƙi jan ta zuwa Ɗa'ifa, ai an ce baɗi mata za su fara tuƙi. Ta koya. Me ya rage da ba ta koya ba a wata biyun nan? Zarto, gam, samfefa…

Ƙarar sanda a kan siminti.

Ta bar ƙofar gida a buɗe. Subhanallahi, ta bar ta a buɗe! Ga Inna Hajo a tsakar fili, ba takalmi, ɗankwali ya zame, tana tahowa da sandarta a hankali. Ba yau ba, Inna, ban gama ba, ban shimfiɗa katifu ba, ban sa teburin ba — amma ta riga ta kama bakin ƙofar. Sakinatu ta tallafe ta ta hau matakin. Ba nauyi. Yaushe ta zama ba nauyi haka?

Ta zauna a kan sabon katako. Ta ɗaga kai. Hasken la'asar yana ratso farin tanti, ya cika wurin, ya wanke mata fuska. Tana kallo… tana kallo… leɓɓanta suna motsi. Ta gane. Ya Allah, ta gane! Hannun da kullum yake neman ƙofa ya kwanta a cinya. Sa'ud, ina kake, zo ka ga —

"Labbaikallahumma labbaik…"

Da murya siririya, irin ta yarinya. Ta maimaita. Ta shafa tantin da bayan hannu.

"Inna, gidanki ne. Gidan Hajo. Na Baba, kin tuna? Ɗa'ifa?"

Ta juyo ta dube ta da fara'a, irin kallon da ake yi wa baƙuwar kirki a cikin hema.

"Baiwar Allah, ke ma bana kinka zo? Mu daga Gwadabawa muke. In anka sauka Arfa munka yi jifa, sai gida. Na baro ƙanwata Yalwa tana kuka, na ce mata wata ukku ne, in sha Allahu, ba ni ƙara ko kwana guda."

Wata uku.

Basilla tana hannun Sakinatu, zaren yana lilo. Wata uku… ta ce wa Yalwa wata uku, kuma ba a taɓa — ko sau ɗaya, a duk shekarun nan, da furar, da biran, da dariyar — ba wanda ya taɓa tambayarta. Baba bai tambaya ba. Ni ma ban tambaya ba. Wata biyu ina fama da ruɓaɓɓen katako don in nuna wa yaron nan bai san uwarsa ba. Shi da Hausarsa mai ɗingishi, shi ya ji abin da ta ce?

To kabarin fa? Addu'ar shekara arba'in fa? Wacce Hajo za a bi, wadda ta roƙa ko wadda ke zaune nan? In na yi shiru ba wanda ya ji. Ba kowa a filin nan sai ni da ita. In kuma na faɗa…

"Yi maza ki gama ɗinkinki," in ji Inna, "rana ta kusa faɗuwa, yanzu za a ce a tashi."

"To, Hajiya."

Kafaɗar ta daina ciwo ma, ta mutu kawai. Saura taƙi biyu a rufe bakin ƙofar. Juma'a saura kwana uku. Ta laluba ramin da ta tsaya, ba ta ganinsa sosai, ta soka basillar… ta ja.