Salansa Mai Murɗi

Duk kwalaben da ke cikin firij murfinsu a ɗore yake kawai, ba a murɗe ba. Saana ta lura da haka ne da ta ɗauko kwalbar zuma, murfin ya zame ya faɗi ƙasa yana ta juyi. Ta taɓa na kwalbar kokwamba mai tsami, shi ma haka. Ta mayar da kowanne yadda ta same shi.

Mahaifinta, Aulis, yana zaune bakin taga ya riƙe kofinsa da hannu biyu kamar mai jin sanyi, alhali watan Agusta ne, lokacin zafi a ƙasarsu. Gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura, babban yatsan dama ya karkace. Tun rasuwar mahaifiyarta shi kaɗai ne a gidan, sai karensa Tuisku. Ita kuwa sai ƙarshen mako take tuƙo mota daga birnin Oulu ta duba shi.

"Baba, me likita ya ce game da kunnen?"

"Iye?"

Ta zagayo ta damansa, ta sake tambaya.

"Wai in na ƙara harbi babu salansa mai rage ƙarar bindiga, wannan ɗayan ma zai bi ɗan'uwansa. Yaro ne fa, ko gemu bai tara ba."

Kaka na tafe, lokacin farautar hirbi, babban naman dajin nan mai faffaɗan ƙaho wanda ya fi doki tsayi. A ƙungiyar mafarautan ƙauyensu, yawancin mutane tsayawa suke a bakin hanyoyin daji suna jira, kowa da wurin da aka ba shi. Mutum ɗaya ne ke shiga da kare. In kare ya tsare hirbi yana haushi, shi zai lallaɓa shi kaɗai cikin itatuwa ya yi harbin. Tun kafin a haifi Saana, Aulis ne mai kare. Bana takardarsa ta gwajin harbi ta ƙare, kuma wanda bai sabunta ba ko bakin hanya ba a tsayar da shi.

Ranar Asabar suka kai bindigarsa wurin Ossi, mai gyaran bindigogi, a rumfarsa ta bayan gida. Suka tarar da Tauno, shugaban ƙungiyar, ya miƙe ƙafa a kan akwatin katako yana shan kofi.

Ossi ya ajiye salansa biyu a kan tebur.

"Wannan mai murɗi ce. In yanka maka tiredi irin na noti a bakin bindigar, ka murɗa ta har ta zauna daram. In ta zauna, inda ka saita nan harsashi zai sauka, yau da gobe da jibi. Amma duk ka dawo gida sai ka cire ta, in ba haka ba gumin da ke ciki ya cinye maka bakin bindiga da tsatsa. Kuma kada ka kuskura ka yi harbi da ita a sake. Harsashi na iya dukan cikinta ta tarwatse a gabanka."

"Ɗayar fa?" in ji Saana a hankali.

"Mai maƙalawa. Akwai zoben da zan kafa a bakin bindigar dindindin. Ka ɗora, rabin juyi, ƙas, ta kulle. Ko da safar hannu ka yi. Illarta ita ce ta fi nauyi, kuma in toka ta taru a zoben saiti kan ɗan gusa. Kaɗan dai. Hirbi ba zai kai ka kotu a kan wannan ba."

Tauno ya tuntsire da dariya. "Ta 'yan birnin Helsinki ke nan, masu fesa turare kafin su shiga daji. Ossi, kada ka ɓata mana tsohon nan."

Saana ta matsa kusa da mahaifinta. "Baba, mai maƙalawar nan za ta fi maka sauƙi."

Ba ta san ko bai ji ba ne, ko ya ji. Hannayensa na cikin aljihun riga tun shigowarsu, bai taɓa ko ɗaya daga cikin salansa biyun ba.

"Yanka tiredi," ya ce wa Ossi.

A makonnin da suka biyo baya suka riƙa zuwa tsohon ramin tsakuwa yana gwada hannu. Da ya fito da bindigar sai ta ce, "Kawo in gani, Baba, abin nan yana ba ni sha'awa," ta murɗa salansar har ta tsaya cak. In sun gama ta ce bari ta goge masa, ta kwance. Shi ma sai ya tsaya kallon sama yana maganar ruwa. Harbin kuwa ba abin da ya same shi. In ya kafa gwiwar hannu a kan buhun yashi, ramukan da ke jikin allo kusan taɓa juna suke.

Sau ɗaya, a mota, ta yi ƙarfin hali ta ce ai har yanzu Ossi zai iya canjawa.

"A gaban Tauno na zaɓa," ya ce, ya juya yana kallon itatuwa.

Ranar gwaji ta yi niyyar ɗaura masa tun daga gida. Sai ga shi bindigar ba ta shiga akwatinta in da salansa, kuma ba a ɗaukar bindiga tsirara a mota. Dole suka tafi da su a rabe.

Filin harbin ya cika da mutanen ƙauye. An hura wuta a gefe ana gasa tsiran nama a tsinken itace. An ja igiya tsakanin masu kallo da teburin harbi. Bayan igiyar nan ba mai shiga sai mai harbi da mai sa ido, kuma mai sa idon ranar Tauno ne. Kowa ya toshe kunnuwansa da manyan matosai.

Da aka kira Aulis, ya ɗaga igiyar ya shiga, ya juya wa mutane baya. Saana tana ganin kafaɗunsa na motsi yana fama. Ya daɗe. Da ya zauna ya ɗora bindigar a kan buhu, rana ta haska ta, sai ta ga ɗan siririn haske tsakanin gindin salansar da bakin bindigar, bai fi kaurin farce ba.

Wataƙila idonta ne. In ta yi magana, me za ta ce a gaban mutanen da suka san shi tun yana saurayi?

Harsashi huɗu ake yi, dole duka su shiga da'irar. Ya yi su a natse. Tauno ya leƙa madubin hangen nesa, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗaya a ciki, biyu a ƙasa," ya yi kira. "Na huɗun kuwa ina jin ya tsallaka iyaka zuwa Rasha, a tura musu haƙuri!"

Aka kwashe da dariya. Ossi ya ɗaga tsinken namansa. "Ba ruwan tiredina! Tsoho, ko ka bar tabarau a sauna wurin wankan tururi ne?"

Aulis ya yi murmushin yaƙe, ya ɗaga yatsa alamar zai sake. Ya fara zuba harsashi da gefen tafin hannu. Yanzu hasken nan ya ƙara faɗi. Girgizar harbin ta ƙara sassauta ta. Saana ta matso jikin igiyar.

"Baba," ta ce.

Ba wanda ya waiwayo. Kowa ya riga ya sake toshe kunnensa.

"Baba!"

Ya kwantar da kumatunsa a kan bindigar.

"Tauno! A dakata!" Muryar da ta fito ba ta taɓa jin ta a bakinta ba. "Salansar ba ta ɗauru ba! Ba ya iya murɗawa, hannunsa ne!"

Ƙarshen maganar ba ta yi niyyarsa ba, fita kawai ya yi. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka zame matosan kunnensu.

Tauno ya sa aka zare harsasan, ya duba cikin bindigar da kansa. "Aulis, ɗaure ta."

Aulis ya kama salansar da tsumma don zafi. Yatsun suka ƙi rufuwa. Ya sake kamawa da hannu biyu, tsumman ya zame ya faɗi. Filin ya yi tsit har ana jin kitse na ɗiga cikin wuta. Tauno ya dubi Saana, ya ɗaga mata igiyar. Ta shiga, ta ja hannun rigarta ta rufe tafinta, ta murɗa. Sai da ta yi juyi guda cur kafin ta tsaya. Ba ta kalli fuskarsa ba, shi ma bai kalli tata ba.

Harsasan huɗu na biyu duka suka shiga tsakiya, tafin hannu ɗaya zai rufe su. Ba wanda ya yi tsokana, ba wanda ya yi tafi. Tauno ya sa hannu a takardar ya miƙa masa.

Daga baya, a bakin wuta, Tauno ya zo ya zauna a kan kututture kusa da shi. Da alama ya so ya yi maganar a asirce, amma ba a yi wa Aulis raɗa.

"Mutumina, bana Ossi zai shiga da Tuisku."

"Iye?"

Tauno ya share goshinsa, ya ɗaga murya. "Na ce bana Ossi zai shiga da kare! Kai ka tsaya a gadar rafi, kai da Saana. Wuri ne mai kyau, bara nan aka sami babban namijin nan."

"Sai a canja masa zuwa mai maƙalawa," in ji Saana da sauri. "Rabin juyi ne kawai. Ko ba haka ka ce ba, Ossi?"

"Gobe-goben nan in gama," in ji Ossi, ba tare da ya ɗaga kai ba.

Tauno ya girgiza kai. "'Yata, ba salansar ba ce kaɗai. Na ga yadda yake zuba harsashi. Yau rana ce, ga tebur, ga buhu. Ki ƙaddara cikin ƙanƙara, shi kaɗai, dabba ta ji rauni ta juyo kan kare. In wani abu ya faru, ni za a tambaya." Sannan ya ƙara da cewa, "Da ka gaya min tun a rumfa, wallahi da ban yi wannan shegen barkwancin ba."

Aulis yana kallon wuta. Wani ya miƙo masa tsiran nama, ya karɓa, ya riƙe har ya huce. Saana tana gefensa na dama, gefen da yake ji. Tafin hannunta na mata zogi inda zafin ƙarfen ya ratsa rigar.

Ossi ya fara ba da labarin wata tsohuwar mota da ta maƙale a taɓo, yana ɗaga murya fiye da kima, wasu suka taya shi da dariya. Ana cikin haka Aulis ya jingine tsinken a jikin kututture, ya tashi a hankali. Ya rataya bindigar a kafaɗa, ya wuce ta gefen motarsu bai ko dubi motar ba, ya kama hanyar tsakuwa da ƙafa.