Lambar Katin Baba

Kwana tara Baba ya yi a asibiti bai ce uffan ba. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye, bakin ma ya ɗan karkace. Kullum da safe likita zai tsaya a kansa ya tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki, Baba ya bi shi da ido kawai.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a sakandare kafin ya yi ritaya, kuma ko da lafiyarsa ba mai yawan magana ba ne. Shi ya sa Mama ta ce wa likita ita ba ta ga wani babban canji ba.

Ran kwana na goma ina ba shi shayi da cokali, nas ta ajiye katinsa a kan bargo ta tafi ɗauko abin awon jini. Baba ya ƙura wa katin ido. A samansa an buga lamba: 1048576.

"Biyu ce," in ji shi.

Na ajiye cokalin. "Baba, me ka ce?"

"Lambar nan. Biyu ce zalla. Raba ta."

Na ciro waya na raba lambar biyu, ta ba ni 524288. Ya ce in ƙara. Na yi ta rabawa, Mama tana ƙirgawa da yatsu, lambar ba ta taɓa barin saura ba. A karo na ashirin ta koma ɗaya.

"Irinta ba ta da yawa," ya ce. "Wadda ke bi mata sai an haura miliyan biyu."

Mama ta matso da kujerarta. "Malam, ni wace ce?"

Ya daɗe yana kallonta. "Kin san ko ke wace ce."

Da likita ya zo na ba shi labari. Ya gwada a tasa wayar, ya rubuta wani abu a fayil, ya ce alama ce mai kyau. Ya sake tambayar Baba ranar da ake ciki. Baba ya ce ai akwai kalanda a bango.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani tela da aka kwantar rana ɗaya da Baba, lambarsa na bin tamu: 1048577. Ya miƙo katinsa.

"Malam, a duba mini tawa."

Baba ya karɓi biro da hannun dama, hannun da mai gashin ƙashi ta yi mako tana lallashinsa ya motsa. Kwana biyu yana fama a bayan takardar magani, rubutun duk a karkace. Uku ba ta shiga ba, bakwai ma haka, sha ɗaya da sha uku duk suka bar saura.

"Sha bakwai ce ke raba ta," ya faɗa masa a ƙarshe. "Sai wata babba guda. Shi ke nan."

Tela ya ce, "To, abin damuwa ne?"

"A'a. Lamba ce mai rufin asiri."

Tela ya ce alhamdulillahi, ya kira matarsa a waya ya shaida mata. Da yamma mutum huɗu daga ɗakin maza suka zo da katunansu suka yi layi a bakin gado. Mama ta ce su dawo gobe, Malam zai ci abinci.