Baƙar Jakar Mimoun

"Sake faɗa, maƙwabci. Kada ka haɗiye ƙarshen."

Mimoun ya dafa teburin kicin ɗin Wilma da hannu biyu, ya ja numfashin nan nasa mai ƙara. "Ik ben mijn tas vergeten," ya ce a hankali da yaren ƙasar su Wilma. Na manta jakata, ke nan. Kalma biyar kacal, amma kwana huɗu suna fama da su, kuma duk lokacin da harshensa ya sarƙe sai ran Wilma ya ɓaci. Ba da shi take fushi ba.

Shekara ashirin da shida ƙofarta da tasa suna kallon juna a hawa na uku. Ita a shagon kifi ta yi aiki har ta tsufa. Shi kuwa tun yana saurayi aka ɗauko shi daga duwatsun arewacin Maroko zuwa ƙasar nan, ya shafe shekara talatin da huɗu yana wanke cikin tankunan jiragen ruwa. Yaren da aka koya masa a can bai wuce ɗauka, ajiye, yi sauri ba. An ci ƙarfinsa, an ci huhunsa, amma ba a samu mutum ɗaya da ya zaunar da shi ya koya masa yadda zai nemi abinsa in ya ɓata ba. Wannan ne ke ci wa Wilma rai.

A bas ya manta jakar, ranar da likita ya gaya masa huhun ya ƙare. Babu kuɗi a ciki, babu takardu. Haraminsa ne, fararen mayafai biyu da ya yi aikin Hajji da su, ya jiƙa da ruwan Zamzam, ya adana shekara goma sha tara domin a naɗe shi da su. Tun da ciwo ya yi tsanani ba ya zuwa asibiti sai da jakar, don gudun kada a riƙe shi a can. Matarsa ta riga shi rasuwa, ɗansa Driss yana Jamus, kuma tsohon ya ƙi gaya masa komai.

Wilma ce ta cika fom a kwamfuta. Amsa ta zo cewa an tsinci jakar, mai ita ya zo ofishin kayan tsintuwa ranar Talata ta sama, ƙarfe goma da minti ashirin, da lambar da aka aiko. Ta buga waya ta nemi a matso da ranar, aka ce babu gurbi. Ta ce to ita za ta je ta karɓo masa, ya ƙi ƙememe. Shi ya manta, in ji shi, shi zai tsaya da ƙafarsa ya tambaya, ko sau ɗaya a ƙasar nan ya buɗe baki ba tare da wani ya yi masa tafinta ba.

Haka suka ci gaba kullum da hantsi. Ya koyi faɗin "baƙa ce", ya koyi faɗin "tawa ce". Takan zuba masa kofi, ta miƙa masa biskit ɗaya ta rufe gwangwani, shi kuma ya girgiza kai.

"Maƙwabciya, shekara nawa yau, biskit ɗaya? Ko gado za ki bar wa gwangwanin?"

"Kai da shayinka sukari ne da ɗan ruwa? Ci ka yi shiru, saura jimla biyu."

Ranar Alhamis har ƙarfe tara ta wuce labulensa na rufe. Ta ɗauko makullin da ya ba ta ajiya. Ta same shi zaune kan darduma, ya jingina da kujera, carbi a cinya, jikinsa ya yi sanyi. Ta zauna a ƙasa kusa da shi ta yi kuka mai isarta kafin ta kira kowa.

Mutanen masallaci suka karɓi gawar. Si Allal, dattijon da ke wanka, ya gaya mata za a wanke shi Asabar da safe, da yamma jirgin sama ya tafi da shi gida Maroko. In ta kawo haramin kafin ƙarfe tara, da shi za a naɗe shi. Driss ba zai iso ba sai yammacin Juma'a, bayan an tashi daga aiki.

Juma'a da safe ta hau kekenta cikin ruwan sama. Ofishin ƙaramin ɗaki ne mai tagar gilashi, bayan gilashin kuma kantoci cike da laimomi da safar hannu da huluna. A kanta ta biyu ta hango jakar, da koren zaren da ya ɗaura a marikinta. Taku huɗu ne tsakaninta da ma'aikacin, wani matashi mai fara'a.

"Barka da safiya, Madam. Kina da alƙawari?"

"Ina da gawa," in ji Wilma.

Ta ajiye masa lambar, ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara, ya yi mata ta'aziyya, kuma da gaske ya ji tausayi, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan. Ya ce na'ura ba ta sakin kaya kafin ranar da aka sa. Ya ce tunda mai kayan ya rasu ma, sai da takardar magada. Ta ce a kira mata shugabarsa, ya ce ba ta aiki ranar Juma'a. Gobe fa? Gobe a rufe suke.

"Ɗana, ga ta can. Miƙa hannu kawai za ka yi."

"Na gan ta, Madam. Ba ni da ikon yi."

Nan ta wanke shi tas. Ta gaya masa shekarun da mutumin ya yi a cikin tankuna yana shaƙar guba, ba wanda ya taɓa ce masa sai ya yi alƙawari kafin ya shiga. Ta buga gilashin da tafin hannu har zobenta ya yi ƙara. Mutanen da ke layi suka sunkuyar da kai suna duba wayoyinsu. Mai gadi ya zo ya raka ta waje cikin ladabi, har da riƙe mata ƙofa.

Asabar aka naɗe Mimoun da sabon yadi daga ɗakin ajiyar masallaci. Si Allal ya rarrashe ta cewa kowane farin ƙyalle mai tsarki ya wadatar. Ta san gaskiya ya faɗa, amma ba shi ne abin da mutumin ya roƙa ba. Tana tsaye a tsallaken titi motar ta fita da shi.

Ranar Talata ta koma, ƙarfe goma da minti ashirin daidai, ta shirya faɗa tun daga gida. Wata mata ta tarar a tagar. Matar ta duba lambar, ta tashi, ta dawo da jakar, ta turo ta ta ƙarƙashin gilashi. Ba ta tambayi takardar magada ba, ba ta ko tambayi sunan Wilma ba. Duka abin bai kai minti biyu ba, har ta yi mata fatan yini lafiya.

Wilma ta tsaya da jakar a hannu. Jakar ba ta da nauyi ko kaɗan.

A waje ruwa ya sake tsinkewa. Ta ɗaura jakar a bayan keke, ta cire rigar ruwanta ta lulluɓe ta, ta cusa gefunan da kyau ta yadda ko ɗigo ba zai shiga ba. Ba ta hau ba. Ta kama kan keken tana turawa a gefen titi, ruwa na bin furfurarta yana gangarawa cikin wuyan rigarta.